Safiyar Asabar a Bushy Park: Tafiyata Landan Wurin Ɗan Yayata

Zumunci ne ya kai ni Landan a watan Oktoba na 2024. Yayata ta daɗe a can tare da maigidanta, kuma ɗansu na fari yana da lalurar otizim, wadda a gida wasu ke kira galahanga. Rabona da yaron tun yana ɗan shekara shida, lokacin da aka kawo shi Kano hutu. Ba ya gaida kowa, ba ya kallon idon mutum, da an tayar da janareto sai ya toshe kunne ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe. Kowa a dangi ya faɗi albarkacin bakinsa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, wasu suka ce tarbiyyar Turai ce kawai, a bar musu shi wata uku su gyara shi. Yaya ta koma da kuka, ba ta ƙara kawo shi ba. Shekaru suka shuɗe sai muka fara jin wani sabon labari a waya, wai yaron ya zama ɗan gudu, kullum yana fili, har barci yake yi da dare. Da bizata ta fito, Hajiya, mahaifiyarmu, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Auta, ka je ka gano mini jikana da idonka. Kada ka dawo mini da ji-ta-ji-ta."

Na bar Kano bayan sallar Asuba daga tashar Unguwa Uku. Hanyar Kano zuwa Kaduna an daɗe ana aikinta, wani wuri sumul, wani wuri a karkatar da ku hannu ɗaya ku yi ta kaucewa tireloli. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana wurin wani abokina a Abuja. Shi ne ya buɗe jakata ya zare kilishin da Hajiya ta ɗaura, ya ce Ingila ba ta yarda a shigar mata da nama daga ƙasashenmu. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji kuwa suka tsira. Washegari jirgi ya ɗaga, cikin awa shida da 'yan kai muka sauka a Heathrow. Ban taɓa agogona ba, domin har zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinsu ɗaya ne da namu. Jami'in shige da fice ya tambaye ni inda zan sauka da ranar komawata, ya miƙo mini fasfo.

Alhaji, mijin Yaya, shi ya zo tarbata. Muna tafiya wurin mota na lura da wasu mutane, manya da yara, rataye da koren zare mai zanen furanni rawaya a wuya. Ya ce alama ce ta masu lalurar da ido ba ya gani, an fara amfani da ita a filin jirgin Gatwick a 2016, don ma'aikata su san wannan mutum yana iya bukatar a yi masa magana a hankali ko a ba shi ƙarin lokaci. Ɗansa ma yana da ita. A motar ya maimaita mini abin da Yaya ta riga ta faɗa a waya: kada in rungumi yaron, kada in ce sai ya kalle ni, kuma in haƙura da turare mai ƙarfi muddin ina gidan. Na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne ga Bakano, amma na ajiye kwalabena a ƙasan jaka.

Gidansu yana Feltham, unguwar da ke maƙwabtaka da filin jirgin, ƙarar jirage ba ta yankewa tun safe. Na tarar da dogon saurayi ɗan shekara 17, siriri, da abin toshe kunne rataye a wuyansa. Ya ce, "Sannu da zuwa, Kawu," da Hausarsa mai ɗan nauyi, idonsa a kan takalmina. Sai ya juya harshe zuwa Turanci ya gaya mini cewa wannan takalmin ba zai yi ranar Asabar ba, kuma ya tambaye ni ko na yi rajista. Ban gane ba tukuna. Ya ɗauki wayata, ya cike wasu bayanai, ya je ya bugo mini wata 'yar takarda mai layi-layi baƙaƙe irin na jikin kayan kanti, ya ce in adana ta. Wannan ita ce maraba da ya yi mini, kuma daga baya na fahimci babba ce.

Yaya ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kukar da na kawo. Ɗakin ƙaramin ɗansu aka ba ni, shi ya koma falo, duk da na roƙa a bar ni a kujera. Babban kuwa abincinsa daban: shinkafa fara, kaza, da koren wake, kowanne a gefensa, ba ya son wani ya taɓa wani. A jikin firij akwai jadawalin mako, kowace rana da launinta. Talata da Alhamis gudu bayan makaranta, Asabar fili, Lahadi ninƙaya. An rubuta ranar zuwana da ranar tafiyata tun makonni kafin in iso, domin ba ya son abu ya zo masa ba shiri.

Kwanakin farko tsada ce ta fi ɗaukar hankalina. A lokacin fam ɗaya ta haura naira 2,000, saboda haka duk abin da na taɓa sai na lissafa. Bas ɗin cikin gari fam 1.75 ne a lokacin, ba a karɓar tsabar kuɗi sai kati, amma in ka sake hawa wata cikin awa guda ba za a ƙara cirar maka ba. Kofin shayi a kanti ya wuce fam uku, kuɗin da zai ciyar da mutum uku a wurin mai shayin unguwarmu har da ƙwai da burodi. A Peckham, inda 'yan Najeriya suka yi kaka-gida, na ga doya da manja da garin kwaki kamar a kasuwar Sabon Gari, sai dai farashin ya sa na mayar da hannuna aljihu. Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin Hounslow tare da 'yan Pakistan da Somaliyawa da Larabawa. Yaron ya tsaya a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, inda ya saba tsayawa, ana sallamewa ya fita kafin cunkoso. Wani dattijo Basomale da ya san su ya matsa masa tun kafin ya ƙaraso, ba tare da ya ce uffan ba.

Daren Juma'ar, bayan yara sun kwanta, muka zauna da Yaya a kicin. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, "yaron nan" take cewa. Ta ce da farko ƙwallo suka kai shi, kamar yadda kowane uba yake so. Bai yi wata ɗaya ba. Yara ashirin suna ihu lokaci guda, ga usur, ga iyaye a bakin fili, kuma wasan gaba ɗaya ya ginu ne a kan ka karanci fuskar abokinka ka san inda zai jefa ƙwallo kafin ya jefa. Abin da ya fi yi masa wuya a duniya ke nan. Sai ya koma kusurwar fili ya tsaya da hannu a kunne. A shekarun nan, in ji ta, ƙofar gidan da sakata biyu suke rufe ta, domin da ya samu kafa sai ya fice da gudu, ba ya duban mota. Barci kuwa sai ƙarfe biyu na dare. Wata malama ce a makarantarsu ta lura cewa duk lokacin tara, maimakon ya shiga cikin yara, sai ya yi ta zagaya filin makaranta ta jikin shinge, zagaye bayan zagaye, kuma in ya dawo aji ya fi natsuwa. Ta ce musu, tunda gudun yake so, a ba shi hanyar da zai yi shi. Suka fara da na yara, kilomita 2 ranar Lahadi, wanda ake shirya wa 'yan shekara 4 zuwa 14, uban yana gefensa. "Auta," in ji ta, "ranar da yaron nan ya yi barci tun ƙarfe tara har Asuba, zama na yi a bakin gadonsa ina duba ko yana numfashi."

Asabar da sassafe muka hau bas mai lamba 285, wadda ke tasowa daga Heathrow ta bi ta Feltham da Teddington zuwa Kingston. Sanyi yana ratsa rigar da Alhaji ya ara mini. Bushy Park fili ne na gidan sarauta, ya kai eka 1,100, shi ne na biyu a girma cikin irinsa a Landan bayan Richmond Park, kuma yana dab da tsohuwar fadar Hampton Court. Ciyawa da dogayen itatuwa iyakar ganinka, ga bareyi suna kiwo sake. Oktoba lokacin barbararsu ne, mazan suna ruri, an kafa alluna cewa kada a matso su ƙasa da mita 50. Shiga kyauta ne.

A wannan filin ne, ranar 2 ga Oktoba 2004, wani mutum mai suna Paul Sinton-Hewitt, wanda rauni ya hana shi gudu a lokacin, ya tara masu gudu 13 ya riƙe musu agogo. Abin da ya fara shi ne ya zama parkrun, gudun kilomita 5 da ake yi kowace Asabar da safe, a Ingila da ƙarfe tara, yanzu a ƙasashe fiye da 20, har da Afirka ta Kudu. Ba a biyan ko sisi. Ka yi rajista sau ɗaya, ka zo da takardarka mai layi-layi, shi ke nan. Masu riƙe agogo da masu nuna hanya duk 'yan sa-kai ne. A Bushy kaɗai mutum sama da 1,000 ke fitowa a Asabar ta yau da kullum, kuma a watan Agustan shekarar da na je, da suka yi karo na 1,000, sama da mutum 6,000 ne suka hallara.

Da na ga taron sai gabana ya faɗi, na ce wa Alhaji yaya yaron da ba ya jure cunkoso zai yi da wannan. Ya ce in zuba ido. Yaron ya sa abin toshe kunnensa, ya tafi gindin wata bishiya can gefe, ya yi miƙe-miƙensa bi da bi kamar yadda yake yi kowane mako. Rigarsa baƙa ce mai lamba 100, wadda ake samu in an kammala gudu ɗari. Mutane suna wucewa, wasu su ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga, ba wanda ya tsaya jan sa da hira. Wata mata ta tara mu sababbin zuwa ta yi mana bayanin hanya, ta ce gudu ne, ba tsere ba, mai tafiya da ƙafa ma maraba. Tara daidai aka saki mutane. Na hango shi ya bi gefen dama, inda ba a matsuwa, kafin taron ya haɗiye shi.

Ni tafiya na yi, a can baya, tare da masu tura keken jarirai da tsofaffi. A kowane parkrun akwai ɗan sa-kai da aikinsa shi ne ya zo na ƙarshe, don kada wani mahalarci ya zama shi ne kurar baya. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai. Kusa da ni akwai wata Baturiya mai kimanin shekara hamsin da ke jinyar gwiwa, shi ya sa take tafiya ranar. Da ta ji abin da ya kawo ni, sai ta ce ita ma tana da otizim, kuma sai da ta haura arba'in likita ya tabbatar mata. Tana aiki, tana da 'ya'ya. Ta ce duk ranar aiki tana ƙarewa ne a gajiye liƙis, ba don aikin ba, sai don ƙoƙarin tuna yaushe za ta yi murmushi, yaushe za ta kalli ido, me wancan yake nufi da abin da bai faɗa ba. In ta fita gudu duk wannan ya sauka. Sawu ɗaya bayan ɗaya, numfashi yana tafiya da ƙafa, agogo yana gaya mata gaskiya ba kwana-kwana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce nan ne kaɗai wurin da take zama cikin mutum dubu ba tare da kowa yana jiran wani abu daga gare ta ba.

A nan na gane cewa kiran wannan abu wasan kaɗaici bai cika daidai ba. Yaron ba gudun mutane yake yi ba. Yana son ya kasance inda suke, amma kafaɗa da kafaɗa, kowa yana fuskantar gaba, ba fuska da fuska ba. Kuma kaɗaicin nasa mutane da yawa ne suka gina masa shi: wanda ya zo tun da duhu ya kafa alamun hanya a wurin da suke makon jiya, wanda ya tabbatar an tashi tara daidai, uban da ya yi shekaru yana haki a bayansa har yaron ya fi ƙarfinsa. Da an canja hanya kowane mako, ko an ce sai shugaba ya iso za a fara, da bai sake zuwa ba.

Ko da na iso ya daɗe da gamawa. A bakin layi aka miƙa mini wani ɗan roba mai lamba, aka haɗa shi da takardata aka haska, kafin azahar sakamako ya shigo waya. Nasa minti 21 da daƙiƙu. Ya karanta mini lokacinsa na makonni goma da suka wuce da ka, sannan ya ce, "Kawu, ka gama." Ban taɓa jin yabon da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Muka shiga wurin shan shayin da ke cikin filin, wani dattijo cikin masu riƙe agogo ya rantse shi zai biya mini tunda baƙo ne ni daga nesa. An sha gaya mini Bature ba ya kyauta. Wannan dai ya yi.

Lahadi muka je Hampton Pool, wurin ninƙaya na sarari a gefen filin, ruwan da ɗumi ko da sanyi ake yi. Ya yi ta kai da komo a layinsa shi kaɗai. Yaya ta ce ninƙayar dole ta mayar da ita tun yana ƙarami, domin yaran da ke ficewa daga gida irin nasa ruwa yana jan su, kuma nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke hallaka su. Da yamma muka ratsa Richmond Park a mota, masu kekuna suna ta zagaye. A nan ya buɗe baki ya yi magana mafi tsawo da na ji daga gare shi, a kan Sam Holness, wani matashi baƙar fata ɗan Landan mai otizim wanda mahaifinsa ke horar da shi. A Oktoban 2022 Holness ya kammala gasar duniya ta Ironman a Kona, tsibirin Hawai: ninƙaya kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudu kilomita 42, duk a yini ɗaya. Ya kawo Mikey Brannigan na Amurka, wanda ya ci zinare a mita 1,500 a gasar nakasassu ta duniya a Rio a 2016, kuma a shekarar ya yi mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu. Alhaji ya ƙara da Bae Hyeong-jin na Koriya ta Kudu, wanda ya yi gudun dogon zango na kilomita 42 cikin ƙasa da awa uku, har aka yi fim a kan rayuwarsa a 2005.

Yaya ba ta bar ni na tafi da zumuɗi ba. Ta ce in na koma kada in ce wa Hajiya gudu ya warkar da shi, domin bai warke ba, kuma ba ciwo ba ne da ake shan magani ya tafi. Haka Allah ya halicce shi. Har yanzu yana kaɗa hannu in ya ji daɗi, kuma ta daina hana shi. Akwai kuma haɗari. Ba ya jin ƙishi yadda muke ji, sai agogonsa ya yi ƙara yake tuna ruwa. Ya taɓa yin makonni yana gudu da ciwo a ƙafa bai faɗa ba, sai ɗingishi aka gani. Ranar hutu ma sai an rubuta ta a jadawali, in ba haka ba kullum zai fita. In aka soke gudu saboda ƙanƙara, yinin ranar gidan ba daɗi. Kuma ta san yara da yawa masu irin lalurarsa da ba sa son gudu sam, wani zane ne nasa, wani kwamfuta. Na yarda da ita. Tun shekarun 1980 masu bincike a Amurka suka rubuta cewa sassarfa tana kawo wa irin waɗannan yara natsuwa, amma natsuwa daban, waraka daban.

A jirgin dawowa gida na yi ta tunani. A lokacin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da otizim. Ingila ta yi doka ta musamman kan otizim tun 2009, mu ma muna da dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman bambanci da aka sa wa hannu a 2019. Likitocinsu da makarantunsu ba za mu kamo su gobe ba. Amma abin da na gani a Bushy Park ba kuɗi ne ya yi shi ba, in ka cire takalmin da ya haura fam 100, wanda na gwanjo a Kofar Wambai zai maye gurbinsa. Fili ne da agogo da mutanen da ke cika alkawarin lokaci. Muna da filin sukuwa a Kano, muna da Murtala Square a Kaduna, kowace firamare tana da fili da ke zaune ba kowa ranar Asabar, ga matasa suna fita motsa jiki bayan Asuba tun kafin rana ta yi zafi. Mu da muke tsayar da salla biyar a kan lokaci ba za a ce tsayar da ƙarfe bakwai na safiyar Asabar ya gagare mu ba.

Na sauka Kano na wuce ɗakin Hajiya kafin in cire takalmi. Na nuna mata hotonsa da baƙar rigarsa, na gaya mata abin da na gani da abin da Yaya ta ce kada in ƙara. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a gaya musu su kawo shi da babbar salla, za a kashe janareto.

Ga iyayen da ke da irin wannan yaro a kulle a ɗaki saboda kunyar maƙwabta ko tsoron ya ɓace, roƙona shi ne ku fara kai shi asibiti a duba shi, musamman in yana da farfaɗiya. In likita ya amince, ku samu wani babba da ya yarda da shi, ku fita da shi fili da sassafe, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, hanya ɗaya kowane mako, da gorar ruwa a hannu. In ya so, ku ci gaba. In bai so ba, ku nemi abin da yake so. Ku kuma matasan da ke gudu a filayen unguwanni, in kun ga an kawo shi, ku matsa masa hanya, ku ɗaga masa hannu, kada ku tilasta masa gaisuwa.